Murya ta Biyar

Saƙon ya iso ne a ƙarshen watan Yuli, sa'ad da masara ta kai kafaɗa a gonakin yammacin jihar Ohayo ta ƙasar Amurka. Jikarsa ce ta buɗe masa shi a kwamfuta, ta buga takardun ɗaya bayan ɗaya, ta jera su bisa teburin cin abinci: waƙoƙi 12, kowace da rubutattun muryoyinta huɗu, kowace kuma da sautin da aka ɗauka domin mai koyo ya saurara. A ƙasan wasiƙar an rubuta sharaɗin taron ba tare da kwana-kwana ba. Duk wanda zai zo a watan Nuwamba, to ya zo ya haddace waƙoƙin nan duka, kalma da kalma, sauti da sauti, domin babu mai riƙe takarda a hannu, kuma babu wanda zai san abokan waƙarsa sai ranar da aka fidda ƙuri'a. Dattijon, mai shekara 71, wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen gyaran motocin ɗaukar ƴan makaranta, ya daɗe yana duban takardun bai taɓa su ba. Shekara uku ke nan rabonsa da buɗe baki ya yi waƙa a gaban wani.

Salon waƙar da ake magana a kai shi ne wanda Amurkawa ke kira barbershop, wato waƙar shagon aski. Mutum huɗu ke yin ta, babu ganga, babu garaya, babu wani abin kiɗa sai makogwaro. Mai karatun da ya saba da mawaƙi da ƴan amshinsa, inda ɗaya ke bayarwa saura su karɓa, zai tarar da wani tsari daban a nan. Duka huɗun suna furta kalma ɗaya a lokaci ɗaya, amma kowa a matakin muryarsa, ta yadda sautuka huɗu za su haɗu su zama ƙulli guda. Akwai lid, mai jan waƙa, wanda ke riƙe da karin da kowa zai iya tunawa. Akwai tena, mai siririyar murya, da ke shawagi a bisansa. Akwai bes, mai kakkaurar murya, wanda ke aza harsashi. Na huɗu shi ne bariton, aikinsa kuwa shi ne ya rera duk sautin da ya rage bayan ukun sun ɗauki nasu. Wani lokaci yana ƙasa da mai jan waƙa, wani lokaci ya haura bisansa, wani lokaci ya tsaya a sauti ɗaya har kalma shida, sa'an nan ya yi tsalle zuwa inda kunne bai zata ba. In aka ji shi shi kaɗai, sai a ce mutumin ya ɓata hanya. Mawaƙan salon sun daɗe suna yi wa masu wannan murya ba'a, su ma masu ita sun saba da yi wa kansu dariya. Dattijon bariton ne tun yana da shekara 31.

Shekara 32 ya yi yana waƙa da mutum uku waɗanda ba su taɓa canzawa ba. Kowace ranar Talata da dare sukan haɗu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan mai kakkaurar murya, kusa da injin wanki, su yi sa'a biyu suna maimaita abin da suka riga suka sani. Ba su taɓa cin wata gasa da ta wuce ta yankinsu ba. Sun yi waƙa a wuraren ɗaurin aure, da gidajen kula da tsofaffi, da jana'izar abokai. Ranar 14 ga Fabrairu kuma, kamar yadda mawaƙan salon suka saba, sukan sa tufafi iri ɗaya su bi ofisoshi da gidaje suna kai waƙar soyayya da fure a madadin wanda ya aike su. Sa'an nan, cikin shekara guda, abin ya watse. Ciwon zuciya ya ɗauke mai kakkaurar murya. Mai siririyar murya ya koma jihar Fulorida wurin ƴarsa. Mai jan waƙa kuwa ciwon mantuwa ya kama shi, har iyalinsa suka kai shi gidan kula da tsofaffi. Da a ce lid ne ya rage, da ya iya rera wa kansa waƙa a cikin mota. Amma wanda ya rage bariton ne, mai muryar da ba ta tsayuwa sai da jingina.

Bayan wannan kuma ga batun kunne. Likita ya gwada shi, ya nuna masa zane a takarda, layi yana tafiya daidai sa'an nan ya gangara ta hannun dama. Ya bayyana masa cewa tsufa yakan fara cin sirarun sautuka kafin kakkaura, kuma shekarun da ya yi cikin ƙarar injuna sun taimaka wa tsufan. Aka ba shi na'urar taimakon ji guda biyu. Da su yana jin magana sosai, amma waƙa takan zo masa kamar ana yin ta a cikin gwangwani. Bai gaya wa kowa ba, sai dai ya sa ƴar sarewarsa mai zagaye, wadda ake hurawa a ɗauki sautin farko kafin a fara waƙa, cikin aljihun tebur ya rufe.

Tsohon abokinsa na Fulorida ne ya ba da sunansa ga masu shirya taron, matarsa kuma ta cika takardar. Da ya yi gunaguni, abin da ta ce masa bai wuce jimla biyu ba: shekara arba'in tana ƙorafin cewa ya cika mata gida da sautin da ba shi da kai ba shi da gindi, yanzu kuwa shirun gidan ya fi damunta. Irin wannan taro ana kiransa Harmony Brigade, ana kuma yin sa a jihohi da dama na Amurka. Tsarinsa ya bambanta da na sauran tarukan mawaƙan. Ba a zuwa da abokan waƙa na gida. Kowa ya koyi muryarsa shi kaɗai cikin watanni, sa'an nan a haɗu na kwana biyu ko uku, inda kowane mutum huɗu da suka ci karo, in dai muryoyinsu sun cika huɗun, za su iya tsayawa su rera kowace daga cikin waƙoƙin nan take. Wanda ya zo bai shirya ba ya ɓata wa mutum uku wahalar wata uku.

Ya ƙirga kwanakin, ya ga kowace waƙa ta sami kwana 8. Ya tsara aikin kamar yadda yake tsara gyaran inji, ƙusa bayan ƙusa. Kwana biyun farko saurare ne kawai, takarda a gabansa, bakinsa a rufe, yana bin layinsa da yatsa. A rubutun salon ana aza tena da lid a jerin layuka na sama, bariton da bes a na ƙasa, kuma ana gane na bariton da sandunan ɗigonsa da ke kallon sama. Rana ta uku yakan kwafe kalmomin da hannunsa a littafi, domin ya lura tun yana saurayi cewa abin da hannu ya rubuta ya fi zama a kai. Rana ta huɗu da ta biyar yakan bi sautin da aka ɗauka inda muryar bariton ta fi saura ƙarfi, yana rerawa tare da ita. Yana sa alama da fensir a duk inda za a ja numfashi, domin a wannan waƙa numfashi ma na tarayya ne. Wanda ya ja nasa a inda ba a shirya ba ya huda jimlar. Sauran kwanakin kuma na maimaici ne, a gareji da safe, a mota a hanyar kasuwa, a bayan gida yana yankan ciyawa. Waƙar da ta wuce ba a barinta. Kowace safiya sai ya bi tsofaffin kafin ya taɓa sabuwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Waƙoƙin da bai taɓa ji ba ba su ba shi wahala sosai ba. Wadda ta tsaya masa a wuya ita ce ta bakwai, tsohuwar waƙar soyayya da suka rera da abokansa sama da sau ɗari. Kari ɗaya ne, kalmomi ɗaya ne, amma wanda ya tsara muryoyin wannan karon wani ne daban, ya kuma bi da bariton ta wata hanya a wurare huɗu. Kansa ya san sabuwar hanyar, makogwaronsa kuwa ya ƙi. Da zarar ya saki jiki, sai muryar ta koma tsohuwar turba kamar jakin da ya san hanyar gida. Jikarsa ta koya masa ɗaukar muryarsa a waya, shi kuma ya tsani sauraren abin da ya ɗauka, amma ya gane cewa wayar ba ta jin kunyarsa. Ya zagaye wuraren huɗu da jan alƙalami. Kwana 8 suka zama 15, sauran waƙoƙin suka matsu.

Haddar sautuka ma somin-taɓi ce. Abin da mawaƙan salon ke nema ya wuce a rera daidai da takarda, kuma yana da bayani a ilimin sauti. Kowane sauti girgizar iska ne, ana kuma auna shi da yawan girgizar cikin sakan guda. Ƙullin da salon ya fi so shi ne wanda sautukansa huɗu ke tsaye bisa lissafin 4, 5, 6 da 7. In na ƙasa yana girgiza sau 220, to na biyu ya zama 275, na uku 330, na huɗu 385. A fiyano kuwa, wanda aka daidaita maɓallansa domin ya yi aiki da kowace waƙa, na biyun yana wajen 277, na huɗun kuma 392. Bambancin ƙanƙane ne a takarda, amma shi ne kome a kunne. Ita muryar mutum ba sauti guda take fitarwa ba. A bisa kowane sauti akwai ƴaƴansa, sirara, masu girgiza ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu, har sama. Idan mutum huɗu suka tsaya daidai bisa lissafin nan, suka kuma buɗe baki iri ɗaya a kan wasali ɗaya, sai ƴaƴan sautukansu su faɗa a kan juna su ƙarfafa juna, har a ji wani siririn amo yana shawagi a saman ɗakin wanda babu ɗaya cikin huɗun da ke yin sa. Shi ake kira murya ta biyar. Domin ita ake tuƙin sa'a biyar zuwa taro, domin ita ake kwana a tsaye.

Sau da yawa sautukan nan biyu da ke buƙatar a sauko da su ƙasa da na fiyano a hannun bariton suke faɗawa. Babu takardar da za ta gaya masa iyakar saukowar. Kunnensa ne zai auna, yana sauraren ukun, yana gyara muryarsa da abin da bai kai gashin gira ba. Ita kuma murya ta biyar, wadda ke shaida masa cewa ya dace, tana zaune ne can sama, a daidai inda layin likita ya gangara. Wannan shi ne abin da ya hana shi barci cikin watan Satumba. Mantuwar kalma ba ta tsorata shi ba. Tsoronsa shi ne ya tsaya tsakanin baƙi uku da suka yi wata uku suna wahala, ya ɓata musu ƙulli, su ji, shi bai ji ba, su kuma yi shiru saboda furfurarsa.

Cikin sautukan da aka aiko akwai wani iri da ya daɗe yana kauce wa, wanda aka cire muryar bariton ɗungurungum aka bar uku. Wani dare a gareji ya kunna shi. Waƙar ta taso da kyau, kari a tsakiya, siririya a sama, kakkaura a ƙasa, amma da giɓi a cikinta, kamar jerin haƙora da aka cire ɗaya. Bai shiga ba a karon farko. Ya tsaya yana sauraren giɓin har waƙar ta ƙare, domin a shekara 40 bai taɓa jin wurinsa ba tare da shi a ciki ba. A karo na biyu ya shiga. Bai iya tantance ko ya dace ba. Na'ura ba ta ɗaga gira, ba ta kuma matsowa kusa in an yi daidai.

Ranar Talata ta gaba ya tafi gidan kula da tsofaffi. Yakan je sau ɗaya a wata, su zauna, ya yi ta ba da labarin da ba a amsawa. Wannan karon ya ɗauko ƴar sarewar daga aljihun tebur. Tsohon abokinsa yana zaune kusa da taga, bai gane shi ba, ya gaishe shi da ladabin da ake yi wa baƙo. Dattijon ya hura sarewar, ya ambaci sunan waƙa ta bakwai. Abokin ya gyara zama, ya ja numfashi, ya ɗauki karin daga farko, kalma ba ta kuɓuce masa ba. Suka tafi su biyu, lid da bariton, rabin ƙulli. A tsakiyar baiti na biyu abokin ya tsaya, ya ɗaga yatsa, ya dube shi da idon da ya saba dubansa da shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

“Ka yi sama,” in ji shi. “Sauko kaɗan.”

Ya sauko. Abokin ya gyaɗa kai, suka ƙarasa. Bayan minti biyar ya sake tambayarsa ko shi wane ne.

A mota, kafin ya tayar da inji, ya daɗe yana juya abin. Wato shekara 32 ba kunnensa kaɗai ke daidaita shi ba. Akwai yatsan wannan, da girar wancan, da yadda mai kakkaurar murya kan karkato kafaɗa idan ƙulli ya zauna. Ya ɗauka cewa shi ke ji, ashe su huɗu ke ji tare. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi kunnuwan aro, ya kuma roƙe su kada su ji nauyinsa.

A makon nan ya koma ƙungiyar mawaƙan garinsu, wadda ya ƙaurace wa tun rasuwar abokinsa. Ya sami mutum uku da suka yarda su tsaya da shi rabin sa'a bayan an tashi, ko da yake takarda suke dubawa. Ya gaya musu halin kunnensa, ya ce duk wanda ya ji ya kauce ya nuna masa da yatsa, sama ko ƙasa. Da farko sun yi ta kawaici, sai da ya yi musu faɗa. A nan ya koyi wata dabara da bai taɓa buƙata ba da yana da kunne. Idan sautuka biyu suka kusa daidaita amma ba su daidaita ba, akan ji wata rawa a tsakaninsu, amo yana kumbura yana sacewa. Gwargwadon kusantarsu, gwargwadon lafawar rawar, har ta tsaya cik. Wannan rawa ba ta ɓuya masa ba. Tsohon makaniki ne, ya san ƙarar injin da bai zauna ba tun kafin a buɗe shi. Ya daina neman amon da ke sama, ya koma neman wurin da rawar ke tsayawa. Zuwa ƙarshen Oktoba yatsun sun rage tashi.

Hanyarsa zuwa otel ɗin taron, a jihar Indiyana, ta bi ta garin Piqua, kuma bai taɓa wuce garin nan ba tare da ya tuna abin da ya sani a makare ba. A nan ne ƴan'uwan nan huɗu baƙaƙen fata, Mills Brothers, waɗanda suka yi suna a rediyo tun shekarun 1930, suka fara waƙa a ƙofar shagon askin mahaifinsu. Da ya shiga harkar yana saurayi, hoton da aka nuna masa shi ne na fararen fata huɗu masu gashin baki da hular kaba. Ƙungiyar da ta rayar da salon an kafa ta ne a Tulsa ta jihar Oklahoma, inda wani lauya mai suna Owen C. Cash da abokinsa Rupert Hall suka kira taron farko ranar 11 ga Afrilu 1938, mutum 26 suka halarta. A 1941 wasu baƙaƙen fata huɗu, ƴan dako a tashar jirgin ƙasa ta Grand Central, da ake kira Red Caps saboda jar hularsu, suka ci gasar birnin Niyok, amma ƙungiyar ta hana su shiga gasar ƙasa a St. Louis saboda launin fatarsu. Tsohon gwamnan jihar, Al Smith, da Robert Moses suka fice daga ƙungiyar a kan haka. Sai a 1963 aka ɗage wannan shinge. A 1992 wani mai bincike, Lynn Abbott, ya wallafa nazarin da ya tattaro shaidu daga tsofaffin jaridu da bakin dattawa, ya nuna cewa salon ya tsiro ne a tsakanin baƙaƙen fatar kudancin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, a shagunan aski da bakin tituna. Louis Armstrong ma da irin wannan waƙa ta mutum huɗu ya fara a titunan New Orleans yana yaro. Ƙungiyar, wadda ta koma amsa sunan Barbershop Harmony Society a 2004, ta karrama Red Caps a 2017, bayan duk sun rasu, a 2018 kuma ta buɗe ƙofarta ga mata. Dattijon bai kori kowa ba a rayuwarsa, amma ya yi shekaru yana waƙa cikin ɗakunan da babu baƙar fuska ko ɗaya, bai taɓa tambayar dalili ba. Shi da sana'arsa ita ce jin abin da ya rage a ƙulli, wannan giɓin ya wuce shi.

Ranar Juma'a da yamma aka fidda ƙuri'a. Ta haɗa shi da wani likitan haƙori daga Kanada a tena, da wani ƙaton manomi a bes, da wani saurayi baƙar fata, malamin kiɗa a makarantar sakandare, a lid. Waƙar da ta faɗo musu ita ce ta bakwai. Lokacin da aka ba su na gwaji bai kai sa'a guda ba, suka sami wani lungu kusa da matakala. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Kafin a hura sarewa ya nuna musu na'urorin da ke kunnuwansa, ya faɗa musu gaskiya, ya roƙe su yatsa.

“Yallaɓai, wane kunne ne ya fi?” in ji saurayin.

“Na hagu.”

A al'ada ana jerawa ne tena, lid, bes, sa'an nan bariton a ƙarshe, abin da zai sa ukun su kasance ta damarsa. Saurayin bai ƙara magana ba, ya kama hannun likitan ya zagaya da shi, suka juya jerin gaba ɗaya. Suka rera sau uku. Sun tsaya a kan wasali guda da manomin ke buɗewa fiye da saura, suka daidaita shi. Sun yi gardama kaɗan a kan wani numfashi, suka bi abin da ke takarda. Yatsa ya tashi sau biyu, duka a wuri ɗaya, na ukun bai tashi ba.

A gaban jama'a, ɗaki cike da mutanen da kowannensu ya san kowane sauti na waƙar, ƙafafunsa sun yi sanyi. Baiti na farko ya wuce lafiya. A na biyu, a wuri na uku cikin huɗun da ya zagaye da jan alƙalami, makogwaron ya koma gida. Ya rera tsohon sautin, na ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya ji rawar ta taso, ya gyara kafin kalmar ta ƙare. Saurayin bai ko juyo ba. Suka iso wutsiyar waƙar, wato ƴan jimlolin ƙarshe inda lid ke riƙe sauti guda mai tsawo saura suna sauya ƙulli a kewayensa har a sauka. A ƙulli na kusa da ƙarshe sautin nan mai wuya yana hannunsa. Ya shiga, ya ji rawar, ya sauko kaɗan, ya ƙara saukowa, rawar ta lafa, ta tsaya. Ya ji wani kaɗawa a ƙasusuwan fuskarsa. Ya ga girar likitan ta ɗaga, ya ji kafaɗar manomin ta karkato ta taɓa tasa. A layin gaba wata tsohuwa ta ɗaga kai tana duban rufin ɗakin, kamar mai neman inda wani abu ya shigo. Shi bai ji kome a sama ba.

Ba su shiga cikin waɗanda suka wuce zagaye na gaba ba. Bai dame shi ba, domin ainihin taron a lungunan otel yake, inda ake tare mutum a ce ana neman bariton, a ambaci waƙa, a hura sarewa. Kafin asubar Lahadi ya rera duka 12, da mutanen da bai iya riƙe sunayensu ba, kowane karo kuma da bayanin kunne yake farawa. Wajen ƙarfe biyu na dare saurayin ya same shi a matakala ya koya masa wata wutsiyar waƙa da ka, ba takarda, sauti bayan sauti, kamar yadda ake koyar da su tun kafin a fara rubutawa. Shi ma ya koya wa saurayin wata, wadda marigayi abokinsa ya fi so.

Da ya dawo gida ranar Lahadi da dare, jikarsa ta tarye shi a ƙofa, ta karɓi jakarsa. Ita ce ta sha jin bayanin lissafin 4, 5, 6 da 7 a teburin cin abinci har ta haddace.

“Kaka, ka ji ta?”

“Ban ji ta ba,” in ji shi. “Amma ta zo. Na ga waɗanda suka ji ta.”

Matarsa ta tambaye shi ko a kwashe takardun daga tebur. Ya ce a kwashe goma sha ɗaya, a bar masa ta bakwai, da tsohuwar takardarta da ke cikin akwati a gareji. Ranar Talata zai koma gidan kula da tsofaffi, kuma wanda zai tarar a can tsohon tsarin ya sani. Dole ya sake bin wuraren nan huɗu kafin ya je, kada a ɗaga masa yatsa.